Maigida Ya Dasa Ido a Falona

Assalamu alaikum Yaya,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki daure ta zo kafin Asabar, domin idan ta wuce nan wani bawan Allah zai sha kunyar da bai san hawanta ba balle saukarta, ni kuwa ina zaune da carbi a hannu ina kallo. Ban taɓa rubuta wa jarida komai ba. Ko wannan ɗin sai da na daɗe ina juya ta a raina, don ina tsoron kada ta zama cin naman miji. Na sakaya sunansa, na sakaya nawa, sauran Allah ya yafe mini.

Maigidana akawu ne a wani kamfanin dakon kaya. Mutumin kirki ne, in faɗi wannan tun farko kafin in ɗauki alhaki. Mun aurar da manyan 'ya'yanmu, autarmu tana can makaranta, gida ya rage daga ni sai shi. Wasu mazan idan suka kai nan sai su kama kiwon kaji, ko su shiga kwamitin gyaran kwalbatin unguwa. Nawa inji ya sayo. Firinta yake ce masa, amma ba ruwansa da takarda. Zaren roba ake ɗaura masa, ya narkar da shi, ya riƙa zuba shi siriri-siriri, layi kan layi, har abu ya tashi tsaye. Ranar da ya shigo da kwalin, hujjar da ya ba ni ita ce marfin tukunyata da mariƙinsa ya karye. Ya ce daga yau mun yi ban kwana da sayen irin waɗannan ƙananan abubuwa. Yaya, har yanzu da cokali mai yatsu nake ɗaga marfin nan. Amma alhamdulillahi muna da ƙananan jiragen ruwa na roba jere a kan kanta, da wani kwaɗo mai ƙafa uku da na juya wa fuska bango saboda ina salla a kusa.

Injin nan akwai nawa. Abin da bai fi ƙoƙon shan ruwa ba sai ya wuni yana yi, kuma yana son a tsaya a kansa. Maigida kuwa yana da ofis. To akwai wani guruf da yake ciki a waya, na masu irin wannan injin, su ne suka ce ya nemi 'yar ƙaramar kwamfuta ta riƙa tsare masa shi, yana ba ta umarni daga inda yake. Ya sayo ta a shagon kayan lantarki da ke bakin titinmu, wajen wani da kowa ke kira Dogo. Falle ɗaya ce, koriya, tsirara, ba murfi ba gilashin kallo, ba ta fi tafin hannuna ba.

Hutun ƙarshen mako guda ya ƙare a kanta. Ya zuba mata manhaja a wani ɗan memori kamar farcen jariri, memorin ya suɓuce ya shige ƙarƙashin kujera, da tsintsiya na zaƙulo shi. Ya rubuta mata kalmar sirrin intanet ɗin gida, ya tsallake harafi ɗaya, ya wuni yana tsine wa waɗanda suka ƙera ta. Ya haɗa ta da injin da igiyar waya, ta ce cajar ta yi mata kaɗan, ya zare tawa. A ƙarshe dai ya je can bakin ƙofar kicin ya tsaya, ya danna wayarsa, injin ya motsa a falo. Ya kira ni in zama shaida. Na ce masha Allah, kuma har zuciyata na faɗa, don rabon da in ga haƙoransa a waje haka tun ranar da aka haifi jikanmu na fari. Daga ranar abokansa suka fara ce masa Injiniya, shi kuma yana amsawa.

Da a nan aka tsaya da ban dame ki ba. Sai aka ƙara kyamara, wani ɗan ido kamar maɓallin riga, aka ɗaure shi tare da 'yar kwamfutar a jikin wata 'yar ƙafa da ya yi da kansa da injin, wai don ya riƙa ganin aikin daga ofis. Teburin injin a falo yake, jikin taga. Idon yana fuskantar injin. Injin kuwa firam ne kawai, ba shi da baya. Abin da ke bayansa kujerata ce, inda nake zama bayan Azahar in cire ɗankwali in sha iska, in taje kaina, in yi tilawa, wani lokacin barci ya sace ni baki buɗe.

Na ɗauka shi kaɗai ke gani. Miji ne, me zan ɓoye masa? Sai ranar da na je dubiya asibiti na haɗu da matar wani abokinsa likitan haƙori. Ta ja ni gefe, cikin tausayawa, ta ce ashe furfura ta cinye mini kai haka, ta san wani rini mai kyau da ba ya karya gashi. Ta ƙara da cewa koren zanen nan nawa yana karɓata. Yaya, zanen nan ko bakin ƙofa bai taɓa leƙawa ba, ya tsufa har ya fara nuna haske. Na tambaye ta a ina ta gan ni. Ta yi dariya ta ce ai mijinta kan nuna mata injinmu a wayarsa, mu ma suna ganinmu. Ashe Maigida ya buɗe wa idon hanya ta intanet, ya sa adireshin shiga a guruf, don idan yana cikin taro masana su riƙa duba masa. Maza ne cike da guruf ɗin, wasu ko shi bai san fuskarsu ba.

Wannan fa mutumin da idan mai duba mitar wuta zai shigo sai na zurma hijabi har ƙasa. Wanda da maƙwabcinmu ya yi bene, bai huta ba sai da ya ƙara wa katangarmu tsayi.

Na yi masa magana, irin tawa. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ba a koya mana haka ba. Bayan ya ci ya ƙoshi na ce, Baban yara, wannan idon na falo shi ba ya gajiya ne? Ya ce ai nan ne daɗinsa. Na ce na ji an ce yana hange har gaba da aikinsa. Bai ko ɗago kai daga waya ba, ya ce an saita shi ne a kan bakin injin, duk abin da ke baya dishi-dishi ne, kuma mutanen nan masana ne, ba wanda ke da lokacin kallona. Har yau ban tantance wanne ya fi yi mini zafi ba, kallon ko rashin lokacin. Sannan ya tuna na taɓa goge teburin da jiƙaƙƙen tsumma, ya sa na yi masa alkawari hannuna ba zai ƙara taɓa kayansa ba. Na yi.

Na koma zaman ɗaki. Ɗakin zafi, ga duhu, rubutu ba ya karantuwa sai da fitila tsakar rana. Idan zan ratsa falo sai in sa hijabi kamar baƙuwa. Wata rana na ɗebo kayan shanya, na tsinci kaina ina yin sallama kafin in shiga falona, ba kowa a ciki sai injin yana ta zirga-zirga. A nan raina ya ɓaci.

Ni mai saƙa ce. Ba abin da ke gidan nan da ban saƙa wa ƙyallen rufi ba saboda ƙura: talabijin, rediyo, injin markaɗe, har keken ɗinki. Sai na ga ai wannan ma kayan gida ne, bai kamata a bar shi tsirara ba. Na saƙa masa nasa, mai furanni, na yi masa shafi mai kauri, don ni idan zan yi abu ina yinsa da kyau. Sai batun alkawari. Na yi tunani, na ɗauko dogon ludayina. Da motarsa ta fita, sai in rataya ƙyallen a bakin ludayi in sauke shi a hankali kan idon da 'yar kwamfutar, in cire ɗankwali in miƙe ƙafa. Da na ji hon ɗinsa a ƙofa, ludayi ya ɗauke. Hannuna bai taɓa taɓa komai ba.

Abin da ban sani ba shi ne 'yar abar nan tana ɗaukar zafi idan aka lulluɓe ta. Shi a ofis ba ya ganin komai sai duhu. Can sai ta fara sanɗa, injin ya riƙa in'ina, ya tsaya ya ci gaba, Maigida ya dawo gida ya tarar da aikinsa ya zama sheƙar tsuntsu. Ya zauna ya gwada, komai lafiya lau. Asabar da Lahadi ko tari ba ta yi. Ya canza memori, ya canza caja, ya canza igiya, ya goge manhaja ya sake zubawa ban san sau nawa ba. Masana suka duƙufa. Wannan ya ce intanet ne, wancan ya ce wutar unguwarmu ce ba ta da nauyi, likitan haƙori ya ce igiyar kyamarar ce ta yi kogo. Wani mara kunya ya fara ce masa Injiniyan Ƙarshen Mako. Maigida ya rage cin abinci. Sai ya ja kujera ya zauna ya ƙura wa 'yar kwamfutar ido, kamar uban da ɗansa ya ƙi gaida baƙi. Sau ɗaya ya tambaye ni ko na taɓa. Na ce hannuna bai taɓa ba. Gaskiya na faɗa, amma na tashi na je na yi istigfari, kuma ban san dalilin da zai sa mai gaskiya ya yi istigfari ba.

Yanzu masana sun yanke hukunci cewa Dogo jabun kaya yake sayarwa. Ranar Asabar za su haɗu su je shagonsa da 'yar kwamfutar, ɗaya zai ɗauki bidiyo a watsa don a gargaɗi jama'a. Dogo yana da iyali. Idan na je sayen ƙwan fitila, kansa a ƙasa yake gaishe ni har in fita. A duk mazan da ke cikin labarin nan, shi kaɗai ne bai taɓa kallona ba.

Yaya, na karya alkawari ko ban karya ba? Abin da na faɗa masa ƙarya ce? Idan na tona, zai ce na mai da shi abin dariya a gaban abokansa, kuma ban san da wace fuska zan fara ba. Idan na ajiye ludayi na yi shiru, na koma zaman hijabi a falona, kuma ba tabbas su fasa zuwa shagon. Ba zan ɓoye miki ba, duk sanda ƙyallen nan ya sauka nakan ji wani sanyi a raina, shi ma yana cikin abin da ke damuna.

Taki,
Mai Ludayi

Wa alaikumus salam, ƙanwata Mai Ludayi,

Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Na yi dariya ina karanta wasiƙarki har na zo kan koren zane, a nan dariyar ta tsaya.

Mu fara da Injiniya. Mutum ya ƙara wa katanga tsayi don maƙwabci guda, sannan ya ɗauki falonsa ya miƙa wa taron maza a aljihunsu. Ya kulle ƙofa ya cire bango ke nan. Dishi-dishin da ake ƙirga furfura a cikinsa kuwa, Allah ya ba mu irinsa mu huta da tabarau. Kuma adireshin da aka jefa a guruf ba ya zama a guruf. Daga waya yake tsallakawa zuwa waya, ga shi har ya kai ga matar likita. Na tambayi wanda ya san kan abin, ya ce sau da yawa wanda ya samu hanyar kallo ya samu ta ba da umarni, wato wani da ba ku sani ba yana iya kunna muku abu mai narkar da roba a tsakiyar falo. Haƙƙinki ne ki zauna a gidanki kai buɗe ba tare da baƙo ya gan ki ba, kuma kare wannan yana wuyan mijinki kafin na kowa. Bai kare ba. Amma ban ga mugunta a ciki ba. Gida ya yi masa shiru, ya samu abin da ya sa aka ce masa Injiniya, ɗoki ya rufe masa ido. Shi idan ya kalli wayar bakin injin kawai yake gani, sai ya ɗauka kowa ma irin makantarsa gare shi.

To ke kuma. Laifi tudu ne, sauko mu duba naki. Ludayi ba ya tashi daga kicin ya zo falo da ƙafarsa. Kin san abin da mijinki ke nufi da alkawarin, kin san abin da yake tambaya ranar da ya tambaye ki. Gaskiyar da aka yanka aka ɗinka daidai yadda mai saurare zai fahimci akasinta, ƙanwar ƙarya ce uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa ƙafarki ta kai ki ga istigfari kafin kanki ya gane dalili. Da malamar da ta koya miki karatu za ta ji wannan dabarar, da ke da ludayin duk sai kun sha bulala.

Sannan kin ce kin yi masa magana. Ba ki yi ba. Kin yi wa akawu hannunka-mai-sanda, mutumin da in ba a rubuta masa abu a layinsa ba bai san da zamansa ba. Kin tambaye shi ko ido yana gajiya, ya ba ki amsa a kan ido. Kunyar da ta hana ki faɗa wa mijinki magana ɗaya ƙarara, ita ce ta bar ki zaune a gaban baƙi, yanzu kuma tana shirin cinye mutuncin Dogo. Wannan kunyar ta yi tsada.

Ƙyallen nan ki daina yau. Saƙa mai shafi a kan abu mai ɗaukar zafi, kusa da inji mai narkar da roba, kina barci a kujera: Allah ne ya tsare ku.

Kafin Asabar ki zaunar da shi. Ban da karin magana. Ki faɗa masa wadda ta gan ki, da abin da ta ce a kan gashinki, da launin zanen. In ya kawo zancen dishi-dishi, ki je ki zauna a kujerar, ki cire ɗankwali, ki ce ya buɗe wayarsa ya duba, ya tuna haka kike a wayar kowa. A wannan zaman dai, kada ki ɗaga zuwa gobe, ki ɗauko ludayi da ƙyalle ki nuna masa yadda ake yi, ki ba shi haƙuri. Zai fi ƙarfi a kan ludayin, domin faɗa a kansa ya fi sauƙi a kan tunanin zanen. Borin kunya ne, ki bar shi ya sauke, sannan ki dawo da shi kan zanen.

Gyaran bai kai wahalar da ya sha a banza ba. Ya rufe hanyar da ya buɗe wa duniya, ya sa kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. Idon ya juya ya kalli bango, ko a kafa katako a bayan injin. Mafi alheri a kwashe kayan gaba ɗaya zuwa ɗakin yaran da ke zaune ba kowa. 'Yar kwamfutar a yi mata gida mai ƙofofin iska, aikin da injin zai iya, ya huta da jiragen ruwa. Masana in suna son kallo, a tura musu hoton abin da aka gama.

Dogo kuwa, bakin da ya ɓata shi shi zai wanke shi. Mijinki ya rubuta a guruf cewa kayan lafiyarsu ƙalau, matsalar daga gida take, kuma an gano ta. Ba sai ya ambaci kanki ko ludayinki ba, sirrin gida ne, rufe shi ba ya cutar da kowa. In za su yi masa dariya su yi. Mazan da suka daɗe suna ganin matar abokinsu ba ɗankwali, aka rasa ko ɗaya da zai ja shi gefe ya ce gyara, ba su ne za a rame don tsoron bakinsu ba. Matar likita ba ta iya magana ba, amma ita kaɗai ce ta yi. Ki gode mata, rinin kuma ki bar mata abinta.

Ƙyallenki ki wanke ki ƙara wa talabijin, ita dai kallonta ake yi, ba ta kallon kowa. Idan ƙura ta lafa, ki ajiye marfin tukunyar nan a kan teburin Injiniya, ki faɗa masa abin da kike so da baki. Allah ya rufa miki asiri a falonki da wajensa, ya ba Dogo kasuwa, ya sa ki ga mariƙin nan da idonki.

Yayarki